Abin da Na Jiyo Daga Zaure a Lambara

Tun da na dawo daga ƙasar Sakkwato abokan aiki suka hana ni sakat. Wanda ya shigo situdiyo sai ya tambaya, wanda muka haɗu da shi a masallaci sai ya tambaya, wai me ya kai mai kiɗan fim Boɗinga da Shagari a tsakiyar bazara. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na sake ba da labarin sai na ƙara masa gishiri ta wajen da zai fitar da ni. Gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya huta.

Sana'ata sa wa fim kiɗa. Ba waƙoƙin rawa ba, kiɗan nan da ke bin labari a ƙasa-ƙasa, wanda in ya yi daidai ba ka ma san yana nan ba sai dai ka ji ƙirjinka ya yi nauyi. Fim ɗin da muke gamawa labarin wata budurwa ce 'yar manoman albasa. Akwai wani wuri da ta dawo daga kai abinci fadama, ta tarar da takalma jibge a ƙofar gidansu, ta gane mahaifiyarta ta rasu. Minti biyu ne, babu wanda ya yi magana. A nan na sa sarewa, goge na bin ta a hankali.

Darakta ya saurara ya ce kiɗan ya yi yawa, kamar ana jan mutum da wuya a kan sai ya yi kuka. Na ce bai da kunne. Muka kwana uku muna ja, har ya gaji ya ce to, tun da labarin mutanen albasa ne, in kai musu su gani, in kawo masa abin da suka ce cikin mako guda. In ya taɓa su, a bar kiɗan. In bai taɓa su ba, a cire. Ya sa aka zuba mini fim ɗin kala biyu a kwamfuta, mai kiɗa da marar kiɗa, don in gwada duka.

Abin da bai sani ba, kuma ban gaya wa kowa ba a lokacin, kiɗan nan na Hajiyata ne, mahaifiyata. Bara ta rasu. Tela ce, kuma in tana kan keken ɗinki akwai wani amo da take yi da hanci, ba waƙa ba ce mai baiti, amo ne kawai. Shi na ɗauko na ɗora wa sarewa. Saboda haka tun kafin in bar Kano na yanke shawara a raina cewa mai kiɗan kaɗai zan nuna wa mutane. Na buga takardun tambayoyi, kowace da gurbi uku: ya taɓa ni ƙwarai, ya taɓa ni kaɗan, bai taɓa ni ba. A ganina na zama babban mai bincike.

Da sassafe muka tashi daga tasha. Kusa da ni wani Alhaji ne mai fataucin buhunan albasa, wanda tun kafin mu fita gari ya gama sanin sunana da na unguwarmu, muna wuce Funtuwa kuma ya mai da kafaɗata matashi. Hanyar Gusau kowa ya san yadda ake bin ta yanzu, da rana kuma da addu'a, hira ma ta ragu sai da muka wuce inda ake tsoro. A wani shinge wani jami'i ya buɗe jakata, ya ga sifika da waya a nannaɗe, ya tambaye ni ko biki za ni. Na ce masa mutuwa ce, amma ta fim. Ya dube ni ya dubi direba, ya ce mu wuce, Allah ya sawwaƙe. A Talatar Mafara muka yi salla muka ci shinkafa da wake, Alhaji ya farka ya ci nasa ya taya ni nawa.

Ina ji da kaina a kan zafin Kano, sai da na sauka a Sakkwato na gane wasa muke yi. Na shiga bas ta Boɗinga da la'asar sakaliya, aka ɗora mini kwandon tumatir ɗin wata baiwar Allah a cinya ba tare da an nemi shawarata ba. A bakin titi na tarar da Umaru yana jira. Tare muka yi makaranta, yanzu malami ne a can.

"Bakano," in ji shi, "ashe rana ba ta narkad da kai bisa hanya ba."

A ɗakin baƙinsa na sauka, amma ba a kwana cikin ɗaki a wannan lokaci, tsakar gida aka shimfiɗa mana tabarmi. Matarsa ta aiko da tuwon gero da miyar kuka, da kwanon fura wanda a gidanmu mutum huɗu za su raba. A Kano fura abin sha ce bayan abinci. A nan na ga ita ce abincin, sauran duk rakiya ne. Gaisuwa kuwa ba a yi mata gaggawa. Da safe muka fita, tsakanin gidan Umaru da bakin kasuwa tafiyar minti biyar ce, muka yi ta cikin rabin awa, ana tambayata gajiya da iyali da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, kamar duk na san su.

Nuni na farko a wata majalisa muka yi shi, ƙarƙashin dalbejiya kusa da mai shayi. Dattawa da magidanta kusan ashirin suka zagaye kwamfuta. Na kunna, na ja gefe ina leƙen fuskoki. Sarewa na shigowa wani tsoho da suke kira Baba Ladan ya miƙe a hankali, ya lalubi takalmansa, ya tafi. Daɗi ya kama ni. Na rubuta a littafina cewa mutum ɗaya ya kasa jurewa, har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da aka gama na tambayi yadda suka ji, sai wani ya ce albasar da aka nuna a fadamar ba ta isa cira ba, duk wanda ya cire ta a haka ya yi hasara. Wani ya ce ta isa, irinta ne haka. Nan fa majalisa ta rabu biyu. Rabin awa ana musu a kan wuyan albasa, wanne ya karye wanne bai karye ba, ni kuma ina tsaye da takardu a hannu. Da ƙyar Umaru ya dawo da su kan kiɗa. Kowa ya ce ya yi kyau, Allah shi ƙara basira. Waɗanda suka iya boko suka cika takardun da kansu, sauran Umaru ya cika musu. Duk gurbin farko.

Kashegari muka gwada matasa a wani gidan kallo, kafin a fara ƙwallo. Mai gidan ya ba mu minti goma bisa sharaɗin kada mu wuce. Su ma suka ce ya yi kyau, idonsu na kan agogo. Da muka fito na sayi ƙosai, mai ƙosan ta ƙunsa mini a cikin ɗaya daga takarduna. Na warware na duba, ita ma gurbin farko aka zaɓa, don haka na goge man na mai da ita jaka.

Da yamma na baje takardun a tabarma ina ƙirga nasarata. Umaru yana kallona yana murmushin nan nasa mai ban haushi tun muna 'yan makaranta.

"Kai baƙo na, kuma baƙona," ya ce. "Wa za ya dubi idonka shi ce aikinka bai yi ba? Ko kukan jaki kas sa cikin abin ga, cewa za su yi ya yi kyau."

Na ce hassada ce irin ta malaman makaranta. Bai musa ba. Ya ce dai in da gaske nake ina son in san abin da fim ke yi wa zuciya, in kai wa mata, don su ne masu kallo, kuma labarin uwa da ɗiya ne. Yayarsa Malama Kulu ma'aikaciyar lafiya ce a ƙasar Shagari, tana aure a Lambara. Ya buga mata waya, ta ce in zo, za ta tara mini matan gidan da na maƙwabta bayan azahar.

Umaru yana da aji, don haka ni kaɗai na kama hanya. Bas ɗin ta tsaya sau biyu shan ruwa, ita ba mu ba, direba na zuba mata da galan yana rarrashinta. Gonaki duk a share ana jiran damina, sai fadamu da ke kore, da tulin albasa a inuwa ana zaɓe. Daga Shagari na hau babur. Mai babur ɗin ya tambayi abin da ke jakata, na gaya masa, ya ce shi kiɗan fim ba ya damunsa sai wanda ake yi in mugu zai fito, don shi yake sa ya san lokacin da zai daina latsa waya. Wannan ita ce amsa ta gaskiya ta farko da na samu a tafiyar, kuma babu gurbinta a takardata.

Malam Bello, mijin Kulu, ya tarbe ni a zaure. Mutum ne marar yawan magana, yana zaune yana ɗinke bakin wani tsohon buhu. Aka kawo ruwan randa, aka kawo hoce, wata gurasar dawa mai ɗan tsami da ban taɓa ci ba, da kwaɗon zogale. Na ci har na ji kunya. Can Malama Kulu ta fito da mayafinta, muka gaisa, ta ce mata sun taru, in ba ta na'urar.

A nan ne na gane wautata. Ni a lissafina zan shiga in zauna gefe ina kallon fuskoki kamar yadda na yi a Boɗinga. Na manta gidan aure ne, ba shiga. A Kano ma haka ne a gidaje da yawa, na sani sarai, amma aikin fim ya saba mini da faɗawa ko'ina da sunan aiki. Na buɗe kwamfutar na nuna mata inda za ta danna. Fim ɗin biyu suna jere kusa da juna, sunansu kusan ɗaya. Na ce na sama, ta ce ta gane. Ta ɗauki kwamfuta da sifika ta shige, ni na koma tabarma.

Tsakanin zauren da tsakar gida katanga ce ta ƙasa da wata 'yar ƙofa mai asabari. Ba na ganin komai, amma ina jin komai. Ina jin mata na gyara zama, ana dariya, wata na cewa a matsa mata. Daga can ƙuryar gidan wata na daka, ba ta bar aikinta don fim ba. Aka fara. Na san fim ɗin nan daƙiƙa bayan daƙiƙa, don haka na rufe ido ina bin sa da kunne. Ga yarinya ta baro fadama. Ga ta a lungu. Mata na sharhi, wata ta ce zanenta ya yi kyau, wata ta ce tafiyarta ta 'yan birni ce. Ga ta ta sha kwana, ta hango takalma. Na ja numfashi ina jiran sarewa.

Sarewa ba ta shigo ba. Na ƙirga ɗaya, biyu, har biyar, shiru. Kulu ta danna na ƙasa.

Ban san lokacin da na miƙe ba, sai ganina na yi a bakin asabari.

"Ina za ka, Malam?" in ji Malam Bello, bai ko ɗaga kai daga buhunsa ba. "Nan na iyakar maza. Zamna, in wani abu na Kulu ta hito."

Na dawo na zauna, raina a ɓace. Na yi tafiyar yini guda don a ji kiɗan Hajiya, ga mata cike da gida, ga kiɗan a cikin kwamfuta, katanga ɗaya ta raba ni da shi. In ɗaga murya in kira matar mutum a gabansa kuma ba tarbiyya ba ce. Ba yadda zan yi sai saurare.

Abin da ke fita daga sifikar ɗan kaɗan ne. Takun yarinyar ya ragu. Kwanon da ke kanta ya taɓa ƙasa. Wata kaza a nesa. Shi ke nan. Sai na lura sharhin matan ya ɗauke. Wadda ke cewa a matsa mata ta yi shiru. Daga nan taɓaryar da ke ƙuryar gida ta sauka sau ɗaya, ta sake sauka, ba ta ƙara ba. Gidan gaba ɗaya ya yi tsit, har ina jin allurar Malam Bello na ratsa buhu, sannan ita ma ta tsaya. Wata murya ta tsofaffi ta yi salati ƙasa-ƙasa. Wata ta ja hanci. Can wata ta fashe da kuka, irin wanda ake toshewa da mayafi, aka shiga ba ta haƙuri.

Sama da shekara goma ina wannan sana'a, ban taɓa jin masu kallo da kunnena haka ba, don kullum kiɗana yana rufe su. Kuma shirun nan na san shi. Ranar da Hajiya ta rasu ina situdiyo da abin sauraro a kunne, ƙanwata ta yi ta kira ban ji ba. Da na ga kiran na taho gida ba wanda ya gaya mini komai. Amma tun daga bakin layinmu na sani, don ban ji ƙarar kekenta ba. Shekara guda ke nan ban yarda na tuna wannan ba. A zauren mutane, gaban mutumin da ban taɓa gani ba sai ranar, hawaye suka zubo mini. Malam Bello ya tura mini kwanon ruwa ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da aka gama Kulu ta fito tana ba ni haƙuri, ta ce sai da aka yi nisa ta lura ba ta ji kiɗan da na faɗa ba. A bayanta wata tsohuwa ce ke dogara sanda, Inna Ige, mahaifiyar Malam Bello, wadda shekaru suka ba ta izinin zama a zaure. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce wadda ta yi kukan jikarta ce, uwarta ta rasu da kaka. Ta tambaye ni wa ya gaya mana yadda gida yake yi ranar mutuwa, don haka yake, turmi shi ke fara tsayawa.

Kunya ta sa na faɗi gaskiya. Na ce kuskure aka yi, akwai kiɗan da ya kamata ya shiga a wurin. Ta ce a sa mata ta ji. Na kunna mai kiɗan, ta kalli takalman, sarewa ta shigo, sai ta ɗaga hannu.

"Ba a kiɗi bisa gawa, ɗana. Rufe hoton, ka bar min kiɗin shi kaɗai."

Na juya fuskar kwamfutar bango. Ta saurara har ƙarshe, kanta a sunkuye, tana murza sandarta.

"Wa yar rasu gare ka?"

"Mahaifiyata, Inna. Bara."

"Allah shi gahwarta mata. Kiɗin ga mai kyau na, amma ba na ranar mutuwa ba na. Na baya na, sa'ad da baƙi sunka watse, anka naɗe tabarmi, kowa ya koma sabgarshi, kai kaɗai kaka tuna ta."

Ban raba takarda ko ɗaya a Lambara ba. Da zan tafi aka ɗaure mini ƙullin albasa da sauran hocen, duk yadda na roƙa a bari.

A Boɗinga na tambayi Umaru abin da ya fitar da Baba Ladan daga majalisa. Ya ce tun a ranar tsohon ya gaya masa shi ba ya zama inda ake busa a kan mamaci, amma bai so ya kunyata baƙo. Na ce don me bai gaya mini ba.

"Ba ka tambaye ni ba," in ji shi. "Takarda kab ba ni."

Na dawo Kano ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Darakta ya karɓi takardun, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har mai tabon ƙosai. Mutum ne mai cika magana. Ya ajiye su ya ce to, mutane sun yi hukunci, na ci, a bar kiɗan. Da na yi shiru a nan da shi ke nan, ba mai sani sai ni da mutanen zaure ɗaya a Lambara. Na ɗan jima ina kallon takardun, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so in yi shirun. Sannan na ba shi labarin duka, har da cewa marar kiɗan ban taɓa niyyar nuna shi ba, har da wadda amon yake nata. Na ce a cire.

Bai yi mini dariya ba, ko da yake ya samu dama. Ya tambayi me tsohuwar ta ce, na maimaita masa. Akwai wani wuri can ƙarshen fim ɗin da muka kusa yankewa, inda yarinyar, bayan watanni, take ɗaukar taɓaryar uwarta ta fara daka ita kaɗai a tsakar gida. Nan muka mai da sarewar.

Ranar da muke haɗa sauti na ƙarshe, mai tace hoto bai san labarin ba. Aka zo kan takalma, ya ji shiru, ya kai hannu zai duba wayar sifika, ya ce sauti ya ɗauke. Na riƙe hannunsa na ce ya bari, haka gida yake yi. Na cire abin sauraro daga kunnena, na zauna cikin minti biyun nan har suka ƙare.